Huɗu a Kowane Juyi

Da hantsi ya shigo garejinmu na Gadarif,
baƙar laka har marfin ƙofa,
buhun riɗi tara a baya.
Hamidan ne. Bai ko kashe mota ba ya fara:
"Usta, wani abu na ƙirga mini tafiya.
Ƙas. Ƙas. Ƙas.
In na taka totur ya ɗaga ƙafa,
in na sassauta shi ma ya sassauta.
Tun daga Doka yake bina kamar mai bin bashi."

Babana, Usta Jibo, ya gyaɗa kai
irin na wanda ya ji.
Ni kaɗai na san bai ji ba.
Shekara arba'in na guduma da rurin inji
sun cinye kunnen hagu,
sun fara lasar na dama.

Ni na shiga gaba, muka hau kwalta.
Na ce, "Zare giya, bar ta ta gangara."
Inji ya lafa, ƙara ba ta lafa ba.
To, an wanke inji.
"Taɓa birki." Tana nan.
"Karya hagu. Karya dama."
Ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba,
gaɓoɓin gaba ma sun kuɓuta.
Muka sa giyar laka, ƙafa huɗu suna ja,
muka cire.
Duk kanwar ja ce.

Na dawo da baki cike da sunaye masu tsada:
boris, kuros, haƙoran aksul.
Kowanne na ambata
sai Hamidan ya waiga ya dubi buhunansa,
yana rage ɗaya a zuci.

Baba bai tanka ba.
Ya zaro guntun alli daga bayan kunne,
kunnen nan da ya daina aiki sai riƙon alli,
ya ja layi ɗaya a kuncin tayar baya.
"Ku kashe. Ku tura. A hankali."
Ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe
kamar mai duba zazzaɓin yaro,
yana tafiya a gefe, idonsa kan farin layi.
Alli ya hau, ya kifa, ya dawo ƙasa.
Leɓensa na motsi.
Ya sake hawa, ya sake dawowa.

"Huɗu," in ji shi.
"Da a taya take, sau ɗaya za ta yi sallama a juyi.
Mai zagaye huɗu kafin taya ta yi guda,
farfela ce. Shiga ƙarƙashi, Tanimu."

Na kwanta kan kwali, busasshiyar laka na zubo mini a ido.
Ga ta.
Wayar shingen wata gona,
ta nannaɗe farfela kamar kan sarki a yatsa,
ta bar wutsiya, ba ta kai ɗan yatsa ba,
tana dukan salansa wuri guda
har wurin ya yi ƙyalli kamar sabon kwabo.
Filaya ta cije ta sau biyu. Shi ke nan.

Hamidan ya riƙe wayar yana dariya har da hawaye.
"Wannan ce ta hana ni barci a Doka?"
Ya tambayi kuɗi, Baba ya ce na gahawa.
Ya kwance bakin buhu, ya cika mana kwano da riɗi,
ya tafi, ba abin da ke binsa sai ƙura.

Da magariba ina wanke sifanu a kananzir,
Baba ya matso, ya rage murya,
ko da yake ba kowa sai mu.
"Wai yaya kukanta yake?"

Na goge hannu a riga.
Na kama tafinsa, mai kaushi, mai ƙanshin giris,
na buga da farce a tsakiya,
ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ya daɗe yana duban wurin.
"Haka na ji ta," in ji shi.
Ya mayar da alli bayan kunne.